Ba Nauyin Baki Ba Ne, a Duba Kunne

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi wa ɗan Adam, ji shi ne ƙofar magana, domin harshe ba ya furta abin da kunne bai taɓa ɗauka ba. Saboda haka mu ma'aikatan jinya masu awon yara a Malbaza da ƙauyukan da ke bakin hanyar Ƙonni, ranmu yakan ɓaci duk sa'ad da aka kawo mana ɗan shekara 3 ko 4 ana cewa "nauyin baki gare shi, haka ubansa ya yi", alhali kuwa, bayan bincike, sai a tarar tun yana goye ba ya ji.

Sabubban wannan lalura sanannu ne a wurinmu: shawara mai tsanani a makon haihuwa, ƙyanda, mugunyar kunne da aka yi wa sakaci, da allurar jantamisin in an yi ta ba bisa ƙa'ida ba. Amma babbansu sanƙarau ne, wanda, ko da yake rigakafin da aka fara a Nijar a 2010 ya karya lagon nau'in A, nau'in C ya zo da annoba a 2015, kuma sau da yawa yakan bar yaro da rai, ya tafi da jinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata.

Ƙa'idar masana ita ce a gwada jin jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Na'urar gwajin ba ta da zafi, yana barci ma ake yi. Inda babu ita kuwa, lurar uwa hujja ce: shin yana firgita da tsawa? Yana waiwayen murya a wata 6? Kuma kada a tafa a gabansa, don idonsa zai yaudare ku.

In kurumta ta tabbata, ba aikin iska ba ne, ba kuwa raunin hankali ba. Akwai na'urar ƙara ji, akwai maganar hannu, akwai makarantun kurame a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Iyaye, duk yaron da ya tashi daga sanƙarau, ku nemi a duba jinsa tun kafin a sallame ku.