Haɗa Iri da Irinsa a Lissafin Aljabara

Aljabara lissafi ne da ake sa harafi ya tsaya a madadin adadin da ba a sani ba tukuna. Wani masani a Bagadaza, Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, ya rubuta littafi a kansa wajen shekarar 820 Miladiyya, ko da yake shi da kalmomi zalla ya yi nasa, haruffa daga baya suka shigo. Amfanin aljabara ga manomi shi ne yana iya kintsa lissafin amfanin gonarsa tun kafin ya ji yadda kasuwa ta kaya.

A ɗauki manomi a Makera mai gona biyu. Ta farko ta ba shi gero buhu 5 da dawa buhu 3, ta biyu gero buhu 4 da dawa buhu 2. Ana bin sa gero buhu 2 na bashin taki, kuma zai biya naira 6,000 kuɗin mota zuwa kasuwar Dutsin-Ma. Idan g ya tsaya wa kuɗin buhun gero ɗaya, d kuma kuɗin buhun dawa, sai a rubuta:

5g + 3d + 4g + 2d − 2g − 6,000

Gaɓa shida ke nan, amma iri uku ne kacal: masu g, masu d, da lamba tsurarta. Sai a tattara kowane iri wuri ɗaya. Na gero, 5 a tara da 4 a ɗebe 2, saura 7g. Na dawa, 3 da 2 sun zama 5d. Kuɗin mota ba shi da ɗan'uwa, sai a bar shi yadda yake:

7g + 5d − 6,000

Lambobin da ke gaban haruffa kaɗai ake tarawa ko ɗebewa, harafin ba ya sauyawa. Kowace gaɓa kuma tana tafiya da alamar da ke gabanta. Nan aka fi yin tuntuɓe, domin wanda ya matsar da 2g ya manta alamar ɗebewa ya mayar da bashi riba. Haka nan 7g da 5d ba sa zama 12 na wani abu, tunda gero da dawa ba kuɗinsu ɗaya ba. Harafi shi kaɗai, kamar g, daidai yake da 1g.

Ana gwada amsa da kowane farashi. A ƙaddara gero naira 30,000 ne, dawa 25,000. Dogon jerin zai ba da naira 329,000, gajeren ma haka: 210,000 da 125,000, a ɗebe 6,000.

Wani lokaci harafi ɗaya ne amma iri biyu. Mai noman rani a yankin madatsar ruwa ta Zobe da ya yi fangali wanda tsawonsa da faɗinsa duk taku x ne, girman ƙasar fangalin shi ne x sau x, ana rubuta shi x². Shi x tsawon gefe ne, x² kuwa filin da ake shukawa, don haka ba a gwama su. Ga 3x² + 4x + 2x² + x, masu x² su haɗu su ba da 5x², masu x su ba da 5x. Amsar ita ce 5x² + 5x, kuma bisa al'ada gaɓa mai x² ake fara rubutawa.