Kyamarar Farko da Gilashinta: Abin da Mai Koyon Hoto Zai Duba Kafin Ya Biya Kuɗi

Matashin da ya saba ɗaukar hoto da waya, ranar da ya yanke shawarar sayen kyamara tambayar da yake fara yi ita ce megafiksel nawa gare ta. Wannan tambaya ba ta kai shi inda yake so. Akwai wayoyi a kasuwa da aka rubuta musu megafiksel 50 ko 108, alhali kyamarar da ake ɗaukar biki da ita tana da 24 kacal, kuma hotonta ya fi nasu tsabta, musamman da daddare.

Bambancin yana cikin girman sensa, wato ɗan allon da ke cikin kyamara wanda haske ke sauka a kansa. Sensar yawancin wayoyi masu matsakaicin farashi ba ta kai farcen ɗan ƙaramin yatsa ba. Sensar da ake kira APS-C, wadda ke cikin kyamarorin masu koyo, tsawonta kusan milimita 23 ne, faɗinta kusan 15, ta ninka ta irin waɗannan wayoyi fiye da sau goma. Sama da ita akwai cikakkiyar sensa mai milimita 36 da 24, ta ƙwararru. Babbar sensa tana kwasar haske da yawa, shi ya sa hoton cikin ɗaki ko na bayan magariba ba ya fitowa da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi. Ga mai farawa APS-C ta wadatar. Cikakkiyar sensa tana da kyau, amma ita da gilasanta duk sun fi tsada da nauyi, kuma wanda bai iya sarrafa haske ba tukuna ba zai ga amfanin ƙarin kuɗin ba.

Mai madubi ko marar madubi

Kyamarori masu canjin gilashi iri biyu ne. Akwai DSLR, wadda ke da madubi a ciki yana tura hoton zuwa inda ake leƙawa, akwai kuma marar madubi, wadda ke nuna hoton kai tsaye daga sensa a kan ƙaramin allo. Canon da Nikon sun mayar da ƙarfinsu kan marar madubi tun 2018, lokacin da suka fito da tsarin RF da na Z, Sony kuwa ta riga su shiga wannan hanya da shekaru. Abin da hakan ya jawo shi ne DSLR ta hannu ta yi yawa, gilasanta ma sun yi araha.

Nikon D3500 da Canon EOS 2000D, duk na 2018 ne, duk megafiksel 24. D3500 tana da wata fa'ida da mai zama inda wuta ke wasa zai yaba: a ma'aunin kamfani caji ɗaya yana ɗaukar hoto kusan 1,550. Sony a6000, marar madubi ta 2014, ƙarama ce mai saurin kama abin da ke motsi, amma batirinta ba ya wuce hoto ɗari uku da 'yan kai, don haka sai da batir na biyu a aljihu. Wanda hankalinsa ya fi karkata ga bidiyon TikTok ko YouTube, kuma aljihunsa zai ɗauka, Canon EOS R50 ta 2023 ta fi dacewa da shi, saboda allonta yana juyowa gaba kuma tana bin fuska da ido da kanta.

Akwai wadda ya kamata a yi tunani sau biyu kafin a saya: Canon EOS M50. Kyamarar ba ta da laifi, sai dai kamfanin ya daina faɗaɗa tsarin EF-M da take amfani da shi, kuma gilasansa ba sa hawa kan sababbin kyamarorin RF. Wanda ya tara gilasan EF-M, ranar da zai canja kyamara sai ya sake daga farko.

Gilashi, inda kuɗin ya kamata ya tafi

Ana canja kyamara bayan 'yan shekaru, amma gilashi mai kyau yana iya yin shekara goma ko fiye yana aiki. Saboda haka wanda ke da kuɗi ƙayyadadde, gara ya sayi kyamara ta hannu mai rahusa ya ajiye canji don gilashi na biyu, da ya zuba komai a sabuwar kyamara.

Lambobi biyu ake karantawa a jikin gilashi. Ta farko ita ce ta milimita: ƙaramar lamba kamar 18mm tana kwaso fili mai faɗi, babba kamar 200mm tana janyo abin da ke nesa. Ta biyu ita ce mai harafin f, wadda ke nuna iya buɗewar ƙofar haske, kuma a nan lissafin a juye yake, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashin 18-55mm da ke zuwa tare da kyamara, idan aka janyo shi zuwa 55mm, ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Gilashin 50mm f/1.8 kuwa, idan aka buɗe shi gaba ɗaya, hasken da yake shigarwa ya ninka wancan kusan sau goma. Wannan ne ke bambanta hoton ɗakin suna da ya fito tas da wanda ya fito a girgije, kuma shi ne ke narkar da bayan mutum ya bar fuskarsa ita kaɗai, abin da waya ke kwaikwaya da manhaja har wani lokaci ta gutsure gefen ɗankwali ko hula.

Sai dai a kan sensar APS-C gilashi yana nuna fili ƙasa da lambarsa. A Canon ana ninka lambar da 1.6, a Nikon da Sony da 1.5. Wato 50mm a kan 2000D yana aiki kamar 80mm: yana da kyau ga hoton mutum ɗaya daga ƙirji zuwa sama, amma a ƙaramin falo mai hoto zai yi ta ja da baya har ya jingina da bango, kuma bai haɗa mutum biyar ba. Shi ya sa masu Nikon suka fi son 35mm f/1.8G DX, wanda ke aiki kamar 52mm, kusa da yadda ido ke ganin wuri.

Kada a raina 18-55mm ɗin nan. Wata biyu ko uku da shi za su nuna wa mai koyo lambar da ya fi tsayawa a kai, domin kowane hoto yana ajiye wannan bayani a cikin fayil ɗinsa. Wanda kullum yake makale a 55mm yana jin bai isa ba, misali wajen hawan sallah ko filin ƙwallo, gilashinsa na gaba shi ne 55-250mm na Canon ko 70-300mm.

Kafin a biya kuɗin kowane gilashi a tabbatar zai hau kuma zai yi aiki. Gilashin Canon EF-S ba ya hawa kan DSLR mai cikakkiyar sensa, EF kuwa yana hawa duka biyun, kuma da adafta duk suna aiki a kan RF. A Nikon, D3500 da 'yan'uwanta ba su da injin saita gani a jikinsu, don haka tsofaffin gilasai masu alamar AF-D za su hau amma sai da hannu za a saita su. Masu alamar AF-S ko AF-P ake nema.

Duba ta hannu

Kyamara tana ƙirga adadin sau nawa marfinta ya buga, kamar yadda mota ke ƙirga kilomita. A Nikon ana iya gani ta hanyar ɗaukar sabon hoto a loda shi a ɗaya daga shafukan intanet masu karanta wannan lamba. An ƙera ƙananan DSLR da yawa don su kai kusan bugu 100,000, don haka mai 15,000 da mai 90,000 bai kamata su zo farashi ɗaya ba, ko da jikinsu na sheƙi iri ɗaya.

Sai a saka f/16, a ɗauki farin bango ko sararin sama, a buɗe hoton sosai. Ɗigon baƙi ƙura ce a kan sensa, ana iya gogewa. Layi ko tabon da bai motsa ba bayan gogewa, a bar kyamarar. Gilashi kuwa a haska shi da tocilan waya ta baya: abu mai kama da yanar gizo-gizo a ciki fumfuna ce, wadda laima ke haifarwa, kuma gyaranta yakan ci kuɗi.

A kasafin kuɗi a bar wurin memori na gaske daga dillalin da aka yarda da shi, domin na jabu yana iya nuna 64GB ya cinye hotunan yini guda, da batir na biyu, da jaka, da robar hura iska. Lokacin hunturu, idan hazo ya sauka, ba a canja gilashi a fili. A shiga ɗaki ko mota, a kashe kyamarar, a kifa bakinta ƙasa, sannan a cire.