Riga-kafin Kare, Mage Da Zomo: Shawarwari Takwas Ga Masu Gida

Karen gadi, magen da ke korar ɓera daga rumbu, da zomayen da yara ke kiwo a bayan ɗaki, duk amana ce a hannunmu. Kuma cutarsu kan tsallako kan mutanen gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haukan kare na kashe mutum kimanin 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara ne suka fi shiga haɗari. Ga abin da za ku yi da kuɗi kaɗan.

1. Ku fara da allurar haukan kare.
Da kwikwiyo ya cika wata 3, ku kai shi asibitin dabbobi, sannan a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana haɗa wannan allura. Ku kasa kunne wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar a duniya, domin wurare da dama kan yi ta kyauta.

2. Kada ku bar kwikwiyo da allura ɗaya.
Akwai haɗaɗɗiyar allura da ake fara masa a sati 6 zuwa 8, a ƙara bayan kowane sati 3 ko 4 har ya kai wata 4. Ita ke tare cutar fabo, mai sa amai da gudawar jini mai ƙarni. Kafin ya kammala, kada ya fita yawon bola.

3. Mage ma tana buƙata.
Ita ma tana kamuwa da hauka, ga shi kusa da yara take kwana. Ku sa ta a kwando mai murfi ko kwalin da aka huhhuda, sai ku isa asibiti ba yakushi. Bayan allurar hauka, ku nemi a haɗa mata da ta mura da gudawa.

4. Ku killace sabon zomo.
A 2020 wata cuta ta ɓulla a Najeriya mai kashe zomaye farat ɗaya, wani lokaci da jini a hanci. Ku tambayi likita ko akwai allurarta a kusa. Zomon da aka sayo, ko namijin da aka aro don barbara, ya yi aƙalla sati 2 a kejinsa daban.

5. A ba da maganin tsutsa tukuna.
Dabbar da tsutsa da kaska suka tsotse ba ta cin moriyar allura sosai. Idan tana zazzaɓi ko ta ƙi cin abinci, ku bari ta warware.

6. Ku ga inda aka ciro allurar.
Zafi yana kashe ta, don haka daga firji ko kula mai ƙanƙara ya kamata ta fito. Wanda ya zaro kwalba daga aljihu, ku ba shi haƙuri. Ku duba ranar ƙarewar wa'adinta da idonku.

7. Ku adana katin.
Likita ya rubuta rana da sunan allura, ya sa hannu. Ranar da karenku ya ciji ɗan maƙwabci, katin nan ne zai kwantar da hankalin kowa.

8. Idan an yi cizo, sabulu da ruwa, sai asibiti.
Ku wanke wurin na minti 15, ku tafi asibiti a ranar, kada ku tsaya shafa toka ko ganye. A ɗaure karen a sa masa ido kwana 10. Da zarar alamun haukan kare sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira.

Masana sun ce idan aka yi wa kare 7 cikin 10 allura a yanki, cutar kan daina yaɗuwa. Saboda haka ku yi magana da mai unguwa, da mafarauta, da maƙwabta, a sa rana guda a gayyato likitan dabbobi. Lafiyar yaranmu ce, kada mu yi sakaci.