Ruwa da iskar duniya

A kan teburin malam akwai taswirar duniya mai siffar ƙwallo. Idan aka juya ta, shuɗi ne ya fi yawa. Shuɗin nan teku ne. Ruwa ya rufe kashi 71 cikin 100 na fuskar duniya. Wanda ya ga haka sai ya ce ai duniya cike take da ruwa kamar tulu. Amma ba haka abin yake ba.

Duniya babba ce ƙwarai. Faɗinta, daga wannan gefe zuwa wancan ta tsakiya, ya kai kilomita 12 700. Zurfin teku kuwa, idan aka daidaita wurare masu zurfi da marasa zurfi, bai kai kilomita 4 ba. Ashe ruwan nan shimfiɗe yake kawai a bayan duniya. Cikinta duwatsu ne da ƙarfe mai zafi.

Ga misali. A ɗauka duniya ta ƙanƙance, ta koma kamar ƙwallon ƙafa. A tsoma ƙwallon cikin bokiti, a fiddo shi. Ɗan laimar da ta rage a jikinsa, ita ce teku. Kaurinta bai kai na takardar littafi ba.

Da za a tattara dukkan ruwan duniya, na teku da na koguna da na ƙasa da na gajimare, a dunƙule shi wuri ɗaya, faɗin dunƙulen zai kai kilomita 1 385. Kusan nisan hanyar mota ke nan daga Yamai zuwa Difa. Tafiya ce mai nisa ga direba, amma a gefen ƙwallon nan, dunƙulen bai wuce ƙaramin goro ba.

Cikin goron nan ma, ba duka ake sha ba. Kashi 97 cikin 100 ruwan gishiri ne: ba ya kashe ƙishirwa, ba ya raya gero. Mafi yawan abin da ya rage ƙanƙara ce, a can ƙarshen kudu da ƙarshen arewa na duniya, da kan manyan duwatsu. Ruwan daɗi da bai daskare ba, girmansa kamar ƙwayar dawa ne, kuma kusan dukkansa a ƙarƙashin ƙasa yake. Shi ne ake jawowa da guga daga rijiya. To, koguna da tabkuna fa? Su duka, har da kogin Kwara da tabkin Cadi, ba su kai ƙwayar gero ba.

Ruwan nan zagaye yake yi. Rana ta ɗauke shi, ya zama gajimare, ya sauko da damina. Sai dai ba ko'ina yake sauka daidai ba. A 1963 tabkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25 000. Bayan farin 1973 da na 1984 ya janye sosai, har masunta suka bar jiragensu a kan busasshiyar ƙasa, suka bi ruwa can nesa.

Iska ma haka take. Mutum ya ɗaga kai ya ga sama kamar ba ta da iyaka, alhali kashi uku cikin huɗu na iskar duniya yana ƙasa da kilomita 11. Da ana hawa sama da ƙafa, ai tafiyar hantsi ce. A kan dutsen Ebarest, mai tsawon mita 8 849, iska ta yi ƙaranci har yawancin masu hawa sai sun goyi kwalbar iskar shaƙa. A kilomita 100 kuwa, an shiga sararin samaniya. Yamai zuwa Doso ya fi haka nisa. Da za a dunƙule iskar duka, a gefen ƙwallon ƙafa za ta yi kamar ƙaramin lemun tsami. Cikinta ne kowane hayaƙi yake shiga, na murhu da na mota da na gobarar daji.

Tambayoyi
1. Kashi nawa na fuskar duniya ruwa ya rufe?
2. Me ya sa ba a shayar da gona da ruwan teku?
3. A ina mafi yawan ruwan daɗi da bai daskare ba yake?

Aiki
A samo ƙwallo, da goro, da lemun tsami, da ƙwayar dawa, da ƙwayar gero. A jera su a kan tebur, kowane ɗalibi ya faɗi abin da kowannensu yake nunawa.