Rana Ma Tana da Guguwarta

'Yan uwa ɗalibai, kowa ya san guguwar bazara da ke tasowa a gonakin Dagumawa, ta murɗe ƙura da karmami ta yi sama da su. To, a jikin Rana ma akwai irinta, sai dai can ba iska ce ke murɗa ta ba.

Rana ba dutse ba ce. Curin iskar gas ce da zafi ya raba ƙwayoyin zarrarta, har ta koma mai ɗauke da cajin lantarki. Wannan ake kira filasma, kuma duk inda layin maganaɗisu ya bi, nan take bi.

A fuskar Rana filasma tana tafasa kamar tukunyar kunu. Mai zafi ta taso, wadda ta huce ta nutse. A wasu wuraren tana nutsewa ne tana juyawa, kamar ruwa a mazurari. Juyin nan yana murɗa layukan maganaɗisu kamar yadda ake tufka igiya, murɗin ya hau sama, filasmar da ke can ta bi shi da juyawa.

A watan Satumba 2011, tauraron ɗan'adam na SDO, mallakar hukumar NASA ta Amurka, ya ɗauki hoton wata guguwa mai tsawon kusan kilomita 200,000. Faɗin Duniyarmu kilomita 12,742 ne, ke nan sai an jera Duniya 15 kafin a kusa kai ta. A 2012 kuma wasu masana suka ƙiyasta cewa ƙananan irinta kusan 11,000 ne ke juyawa a kowane lokaci.

Me ya sa aka damu da su? Zafin fuskar Rana kusan digiri 5,500 ne, amma rawanin da ke kewaye da ita, wato korona, ya haura digiri miliyan 1. Ta yaya nesa da murhu zai fi bakin murhu zafi? Masana na ganin waɗannan guguwoyi na cikin hanyoyin da ke kai makamashi sama.

Ido ba ya ganin korona sai a cikakken husufi, irin na 29 ga Maris 2006 da ya rufe Katsina da Maraɗi. Gargaɗi: kada kowa ya ƙura wa Rana ido don neman guguwa, domin tana ƙona ido ba tare da an ji ciwo ba.

Tambayar mako: idan guguwa na gudun kilomita 300,000 a awa, kilomita nawa take ci a daƙiƙa ɗaya? A miƙa amsa ga ƙungiyar 'yan jarida.