Darasi na 14: Auna Takarda Kafin Zarto Ya Taɓa Katako

Kowa a ajin nan ya taɓa ganin tela ya shimfiɗa tsohuwar riga a kan yadi, ya bi gefenta da alli, ya yanka. Kafinta ma haka yake yi da zanen takarda: ya ɗora a kan katako, ya bi layi da fensir. Sharaɗin ɗaya ne, girman zanen ya zama daidai da girman abin da za a ƙera.

Yanzu samari na karɓo zanen gado ko na kujera a waya, su kai shagon buga takardu a Dakoro ko Maraɗi. Takardar da aka saba bugawa, A4, santimita 21 ce a faɗi, 29,7 a tsawo. Allon gado ba zai shiga ciki ba, sai a raba zanen a takardu da yawa a haɗa da gam. Wannan ba wuya. Inda ake faɗuwa shi ne, na'urar tana iya rage zanen ita da kanta don ya zauna cikin takarda, kuma ido ba ya ganin ragin. Saboda haka a auna takarda kafin a yanka.

Wani maƙwabcina kafinta a nan Bader Gula zai aurar da ɗiyarsa. Ɗansa ya bugo masa zanen allon gado mai lanƙwasa kamar bakan gizo. Uban ya yanke katako, ya goge, ya shafa fenti. Ranar jere aka kawo katifa mai faɗin santimita 140, ta ƙi zama. Aka danna, aka juya, gefe ɗaya ya tashi sama.

Uwargida ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, katifar ce ta yi ƙiba a hanya, ko gadon ne ya rame?"

Ya ce, "Mai katifa ne ya cuce mu."

Ɗiyar, wadda ta yi aji shida, ta ɗauko mitar awo ta ce, "Baba, katifa 140 ce cif. Gadon ne 134."

"To ai takarda na bi!"

"Takardar ka auna, Malam?" in ji uwargida. "Ni ko gero na saya, sai na sake zuba shi a tiyata."

Ƴan jere na tsakar gida suna guɗa, shi yana ɗaki yana ɓamɓare ƙusa. Na'ura ta buga zanen a kashi 96 cikin 100. Ragin santimita 4 ne a kowace mita, a faɗin gado ya kusa kai 6. Katakon nan kuwa daga kudu yake zuwa, ta Maraɗi, ya hau mota har nan, kowa ya san jika nawa yake ci. Abin da ke ba ni haushi, bayan wata biyu wani kafintan da ya ga abin nan da idonsa ya maimaita shi a ƙyauren ƙofa.

Ga yadda ake yi. A sa mai zanen ya zana murabba'i mai santimita 10 kowane gefe a takardar farko. A gaya wa mai shago ya buga a kashi 100 cikin 100. A kwamfuta mai Faransanci wurin ana rubuta shi "Taille réelle", kada ya taɓa "Ajuster". Ya buga takarda ɗaya tak. Ka fito da mitarka a nan cikin shago ka auna murabba'in, tsaye da kwance. In ka ga 9,6, kada ka ce ai ɗan kaɗan ne, a sake. Sai ya cika 10 a buga sauran.

Sa wa takardu lamba, ka haɗa layi da layi. In abin gefensa biyu iri ɗaya ne, rabi ya isa, sai ka kifa shi. In ka gama haɗawa, sake auna faɗin gaba ɗaya, don gam da danshi na sa takarda ta motsa. Sannan ka mayar da zanen kan kwali mai kauri, ka rataye a shago don wani aikin.

Ranar darasi mai zuwa kowa ya zo da mitar awo da takarda ɗaya. Za mu zana murabba'i, kowa ya auna na maƙwabcinsa.