Kafin ka sayi littafin jarrabawa

Ɗana, mahaifiyarka ta bugo mini waya daga Maraɗi, wai kana neman kuɗin littattafai har biyar don shirin jarrabawar shiga digiri na biyu. Zan aiko, amma na littattafai biyu kacal, kuma ba rowa ba ce.

Fara da sanin wace jarrabawa ake nema a wurinka. Makarantun kasuwanci irin su ESCP a Paris da emlyon a Lyon suna karɓar TAGE MAGE, wadda gidauniyar FNEGE ke shiryawa da Faransanci, ko GMAT da Turanci. Makarantun IAE kuwa, irin ta Jami'ar Jean Moulin Lyon 3, suna da tasu, Score IAE-Message. Littafin wannan ba ya yi wa waccan amfani.

Idan TAGE MAGE ce, tambayoyi 90 ne, kashi shida, kowane kashi tambaya 15 cikin minti 20, maki 600, ba a shiga da kalkuleta. Kafin ka kashe ko sisi, nemi tambayoyin gwaji na masu jarrabawar da kansu, ka zauna awa biyu cur da agogo a gabanka, waya a kashe. Inda ka yi tuntuɓe, nan kuɗinka za su tafi. Na ga yara masu ƙwaƙwalwar lissafi sun sha ƙasa a sashen da ba a ce ka fitar da amsa ba, sai dai ka faɗi ko bayanan da aka ba ka sun isa a fitar da ita. Hannunsu ya saba da lissafi, sai su duƙufa a kai, lokaci ya ƙare.

In ka shiga kantin littattafai na Gibert Joseph a titin Saint-Michel na Paris, kada bangon littafi ya ruɗe ka. Buɗe bayansa inda amsoshi suke. Wanda ya rubuta "amsa C" ya yi shiru, mayar da shi kan kanta. Kai mai nuna maka hanya daki-daki kake nema. Na hannu ba laifi, ya fi araha, amma duba shekarar bugu, domin dokokin jarrabawa suna canzawa. Wanda wani ya riga ya cike da fensir kuwa, ka bar shi, idonka zai riƙa satar amsa ba ka sani ba.

Lokacin da za ka je wurin yayarka a Lyon, ɗakin karatu na Part-Dieu yana ba da aro, ka jarraba littafi a can kafin ka saya. Turo mini makin gwajinka na farko ranar Lahadi, in sha Allah kuɗin za su biyo baya.